Jan tirela mai nauyi da pikop: yaushe zaka kashe obadiraif, yaushe zaka barshi

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motoci. Maganar obadiraif ɗin nan kusan kullum sai an yi musu a kanta, ko a Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi a nan Ghana, ko da daddare a teburin mai shayi a Aboabo. Wani yace da zarar ka ɗaura tirela kashe shi kawai kar ma ka tsaya tunani, wani kuma yace haba masta ai motocin yanzu kwamfuta garesu, sun fi ka sanin giyar da ta dace. Kowa da tasa gaskiyar, amma babu mai faɗa maka abin da zaka duba da idonka kana kan hanya. Babban abin da ke cin giyabos na otomatik in ana jan kaya shine zafi. Duk kashewa da kunnawa da saukar da giya da zan yi bayani, dabarar hana man giya dahuwa ce.

Mene ne ma aikinsa

Obadiraif giya ce ta can sama, wadda in mota ta shigeta sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana juyawa fiye da yadda inji ke juyawa. A tsofaffin otomatik masu giya 4, ta 3 ita ce ɗaya-da-ɗaya, inji ya juya sau ɗaya sanda ta juya sau ɗaya, ta 4 kuma ita ce obadiraif. A giyabos ɗin 4L60E da ke cikin tsofaffin Silverado lissafinta 0.70 ne, na Ford 4R70W ma 0.70, na Toyota A340 kusan haka. Ma'ana in kana tafiya a giya ta 3 inji yana 3,000 rpm, wato juyi 3,000 a minti ɗaya, da ka shiga ta 4 a wannan gudun zai sauko wajen 2,100. Ƙara ta ragu, shan mai ya ragu, amma ƙarfin ja da ke isa taya shima ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san wannan, giyar da ke maka daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya ita ce ke neman karya maka gwiwa in ka ɗauko buhu ka fuskanci tudu.

To inda zafin ke fitowa: tsakanin inji da giya akwai kwanbata, cike take da mai, man ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Muddin man ne ke wannan aikin akwai zamewa, zamewa kuma zafi ce. Shi yasa aka sa mata wani kuloci a ciki da ke kulleta in tafiya ta miƙe, in ta kulle zamewa ta ƙare mai ya huta. Da nauyi a baya kuma mota na obadiraif, ƙarfi baya isa, sai kwamfuta ta saki kullin, in bai isa ba ta sauko giya, gudu ya ɗan dawo ta sake hawa, ƙarfi ya sake gazawa ta sake saukowa. Hawa sauka hawa sauka. Kowace canji ɗaya kulocin ciki na gogawa yana ƙara zafi, kuma kai kana zaune a gaba da AC baka jin komai sai ɗan girgiza.

Mataki na 1: san nauyin da kake ja, da alƙalami ba da ido ba

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa tun kafin a tada mota. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 40 tan 2 kenan, ka haɗa da nauyin ita kanta tirelar, ace kilo 700, kana jan kilo 2,700. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tanki mai lita 2,000 in ya cika tan 2 ne cif, kuma ruwa in tankin bai cika ba yana kaɗawa gaba da baya yana tunkuɗar mota, wannan ya fi siminti wahalar ja. Masu ɗauko masara daga Ejura ko Techiman ku kam kun san buhunku ba ya da ma'auni ɗaya, gara ku ƙiyasta sama da ƙasa.

Sai ka duba abin da motarka aka yarje mata. Sabbin Hilux masu inji 2.8 da Ranger suna kaiwa kilo 3,500, amma fa da sharaɗin tirelar tana da birkinta. In bata da birki, abin da kamfanonin suka rubuta kilo 750 ne kacal. Ku sake karanta wannan, don tirelolin da ake walda mana a nan gida da tsohon aksil da yawansu babu birki ko na rantsuwa. Tsofaffin Hilux kuma basu kai 3,500 ɗin ba, duba littafin taka. In hom-yus ce, wato motar hannu da aka shigo da ita daga Amurka, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba da littafin da fam suke lissafi, raba da 2.2 ka samu kilo, fam 7,000 kusan kilo 3,180 ne. Kuma nauyin da hancin tirela ke dannawa a kan ƙugiya ya kamata ya zama kamar kashi 10 zuwa 15 na nauyinta, wannan nauyin a kan motar yake, ya shiga lissafin mutane da kayan da ka zuba a bodi.

Ra'ayina a nan, in abin da kake ja ya haura rabin abin da aka yarje wa motar, ka tashi da obadiraif a kashe, sai hanya ta nuna maka cewa zata iya sannan ka kunna. In 'yar tirela ce da babura biyu ko raguna uku na layya, barshi a kunne ka yi tafiyarka.

Mataki na 2: gane wace irin giya gareka

Mai giya 4, akwai ɗan maɓalli a jikin sandar giya an rubuta O/D, in ka danna fitila zata kama a dashbod tace O/D OFF. Fitila a kunne tana nufin an kashe shi, mutane da yawa suna juya wannan. Wasu motocin na GM babu maɓalli, kawai ka ja sanda daga D zuwa 3. Zaka iya dannawa kana tafiya, babu abin da zai karye, ɗan sassauta totur kawai kuma kar ya zama kana gudun da in ta sauko allurar rpm zata doshi jan layi. A motoci da yawa in ka kashe inji ka sake tadawa ya koma kunne da kansa, don haka bayan ka tsaya sallah ko cin abinci a Nkawkaw ka sake duba fitilar.

Mai giya 5 irin A750 na Toyota, ta 4 ce ɗaya-da-ɗaya, ta 5 obadiraif, sai ka sa sanda a 4. Mai giya 6, kamar Hilux daga 2015 zuwa sama, ta 5 da ta 6 duka obadiraif ne, ka tura sanda gefen S ka zaɓi S4, wato motar zata canza da kanta daga 1 zuwa 4 amma baza ta wuce nan ba. A 6R80 na Ford da 6L80 na GM ma 5 da 6 ne. F-150 mai giya 10 kuwa ta 7 ce ɗaya-da-ɗaya, 8 da 9 da 10 duk na sama ne, ana rufe su ɗaya bayan ɗaya da maɓallin ragi da ke jikin sanda, zaka ga lambobin suna ɓacewa a dashbod.

Sai maɓallin TOW/HAUL na manyan motocin Amurka. Shi ba lallai ya hana shiga obadiraif ba, abin da yake yi shine ya sa mota ta daɗe a kowace giya kafin ta hau, ya rage yawo tsakanin giyoyi, kuma a gangare in ka taɓa birki ta sauko giya da kanta ta riƙe ka. In motarka na da shi, danna shi duk lokacin da tirela ke da kaya, wannan ba abin musu bane. Amma danna shi bai ɗauke maka sa ido ba.

Mataki na 3: duba man giya kafin ka fita gida

Mota a wuri mai daidai, inji ya ɗumama yana aiki, sanda a P, ka zaro ma'aunin man giya ka shafa a farar takarda. Ja mai haske ko ɗan ruwan hoda, lafiya lau. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ka kai hanci, in kaji ƙauri kamar an bar tukunya a wuta, kar ka ja kaya da wannan man. In kaga ya yi kamar an zuba madara, ruwan lagireto ne ya shiga, ajiye motar. Sabbin motoci da yawa basu da ma'aunin, sai an ɗaga mota an duba ta ƙasa, wannan aikin mai giyabos ne. Kuma dan Allah kowace giya da manta, Toyota akwai T-IV akwai WS, Ford akwai Mercon V akwai LV, GM Dexron ne, kar ka yarda yaron shago yace maka ai duk ja ne.

Mataki na 4: cikin gari

Daga Asawase zuwa ka fita Ejisu, ko daga Nima zuwa ka wuce Ofankor da Pokuase, barshi a kashe, ba ka ma da gudun da zai amfane ka. Abin lura a tarafik shine kar ka riƙe mota a kan tudu da totur, kaga wasu suna ɗan taka totur don kar ta koma baya, wannan kwanbata ce ke ta markaɗa mai a banza. Taka birki. In tsayuwar ta yi tsawo maida sanda N.

Mataki na 5: babbar hanya, nan ake gwaji

Ka samu hanya ta miƙe, babu tudu a gabanka, ka daidaita gudu wajen 75 zuwa 80, da tirela mai nauyi ni ban ga dalilin wuce haka ba ko da doka ta baka 90. Kunna obadiraif, sai ka zuba wa allurar rpm ido. Zata faɗo sau ɗaya lokacin da giya ta hau, bayan ɗan lokaci ta sake ɗan faɗowa kaɗan kamar 200 ko 300, wannan na biyun shine kwanbata ta kulle. Yanzu ƙara totur kaɗan, kaɗan fa. In allura da gudu suka tashi tare a hankali, kullin ya riƙe, cigaba da tafiyarka. In allura ta yi tsalle ita kaɗai gudu bai ƙaru ba, ta saki, tana zamewa, kuma a haka zata iya yin kilomita goma tana dafa mai ba tare da ta canza giya ba, wannan ya fi hawa-sauka ɓoyuwa kuma ya fi shi cuta. Kashe shi.

In kuma kaji ta sauko ta hau, ta sake saukowa cikin minti ɗaya ko biyu, shikenan ta baka amsa, kashe. Haka in kana taka totur ya wuce rabi don kawai ka riƙe gudun da kake. Haka in iska na bugo ka ta gaba kuma tirelar doguwa ce mai rufi, don iska na cin ƙarfi kamar tudu.

Hanyar Kumasi zuwa Accra, wajen kilomita 250 ɗin nan, gaskiya ban ga inda obadiraif zai zauna lafiya da tan biyu da rabi a baya ba. Konongo, Juaso, Anyinam, Apedwa, Suhum, duk tudu ne da kwari ƙanana ƙanana, ga manyan tireloli masu zuwa Burkina da zaka riƙa bi a baya kana neman wucewa, ga ramf, tudun rage gudu, a kowane gari. Kashe shi tun daga gida ka huta. Inda yake da amfani shine arewa, in ka wuce Kintampo ka nufi Buipe da Yapei zuwa Tamale hanya na miƙewa sosai, ko gabas daga Tema zuwa Sogakope. Can ma in watan Maris ne ko Afrilu da arewa ke taɓa digiri 40, ka yi gwajin allurar nan akai akai.

Masu cewa ai inji zai gaji in yana kuka a 3,000, injin fetur ko a jikinsa, jan layinsa can wajen 5,500 zuwa 6,000 yake, kuma a wannan juyin famfon ruwa da na mai suna aiki da kyau. Abin da ke cutar inji shine a danne shi da nauyi yana ƙasa ƙasa yana kakari. Na dizal kuwa ƙarfinsa ƙasa yake zama, 2.8 na Hilux daga 1,600 yake bada cikakken ƙarfi, shi yasa dizal ya fi jure giyar sama da kaya, amma in ya faɗo ƙasa da haka kana taka totur baya amsawa, ko kaga baƙin hayaƙi ta madubi, sauko masa da giya. Maganar mai kuma, eh zaka ɗan ƙara sha in ka kashe, amma motar da ke yawo tsakanin giyoyi ma ba tanadin mai take ba. Je ka tambayi kuɗin giyabos hom-yus a Magazine ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, ka gwada da galan biyun da kake son ragewa, kar garin neman gira a rasa ido.

Kurus kontirol kuma, wanda ke riƙe maka gudu ba sai ka taka totur ba, manta da shi in akwai tuddai, shi bai ga tudu ba sai ya shiga, sai ya danna totur ƙasa gaba ɗaya mota ta fizgo giya biyu lokaci ɗaya.

Mataki na 6: hawan dutse

Sauko da giya tun a gindin dutsen, kafin gudu ya mutu. Hawan Mampong daga Jamasi, hawan Kwahu daga Nkawkaw, ko na Aburi daga Ayi Mensah, waɗannan ba ma maganar obadiraif ake ba, maganar 3 ce ko 2. Zaɓi giyar da inji ke ja da sauƙi totur bai kai ƙasa ba, ka riƙe ta da hannu har ka gama, ko da 35 kake tafiya, masu hon a baya su yi haƙuri. In allurar zafin ruwa ta fara ɗagawa kashe AC. A yawancin motoci man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, don haka in ruwa ya yi zafi man giya ma babu mai sanyaya shi. In ka samu wurin tsayawa mai aminci, tsaya, sa P, ja birkin hannu, sa dutse a taya, ka bar inji yana aiki minti biyar zuwa goma. Kar ka kashe nan take, in ka kashe mai ya daina zagayawa zafin ya tsaya a ciki.

Mataki na 7: gangare, wanda ya fi hawan haɗari

Giyar da ka hau da ita, da ita zaka sauka. Obadiraif a gangare kusan sakin mota ne, inji baya riƙe komai, duk nauyin mota da tirela ya koma kan birki, birki in ya yi zafi zaka taka kaji ya yi laushi ga wari, daga nan sai addu'a. Wannan ɗabi'ar ta sa mota a firi a gangare don tanadin mai, da tirela a baya ganganci ne da ran mutane. Sa 3 ko 2 tun daga sama. In gudu ya ƙaru taka birki da ɗan ƙarfi ka rage kamar kilomita 10, saki ya sha iska, in ya sake hawa ka sake, kar ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa. Masu dizal ku sani injinku baya riƙe mota a gangare kamar na fetur, ku ƙara saukowa giya ɗaya.

In tirela ta fara lilo hagu da dama, kar ka caka birki kuma kar ka bi ta da sitiyari. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, in tana da birkin lantarki matsa nata ita kaɗai da hannu. In ta lafa tsaya ka matso da kaya gaba, kamar kashi 60 na nauyi ya zama gaban aksil, yawancin lilo daga kayan da aka tara a baya yake zuwa.

Masu manuwal

Ku ma abin ya shafe ku. A giya 5 ta Hilux da makamantanta, ta 4 ce ɗaya-da-ɗaya, ƙarfi na wucewa kai tsaye ba ya bi ta haƙoran gefe, ita ce mafi juriya. Ta 5 obadiraif ce, haƙoranta ne ke ɗaukar duk nauyin. Tsofaffin Dodge Ram masu NV4500 sun yi suna wajen kwancewar nat ɗin giya ta 5 in ana danne su da kaya a ƙaramin juyi. Da nauyi sosai zauna a 4, ta 5 sai hanya ta kwanta inji na juyawa a sake. Kuma wajen tashi kar ka daɗe kana riƙe da rabin kuloci, in a laka ne ko tudun ƙasa a gona sa 4L, ƙaramar giyar da ke jan tayoyi huɗu, ka fito sannan ka cire, kar ka hau kwalta busasshiya da ita.

In jan kaya sana'arka ce

Abu biyu zasu biya kuɗinsu. Na farko ƙarin kula ta man giya, 'yar lagireto ce ƙarama da ake ɗaurawa a gaba, duk mai giyabos da ya san aikinsa zai haɗa maka, ka tsaya a kansa ya matse hos da kyau kuma ya cika man da ta shanye. Na biyu ɗan na'urar OBD2 da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari tana turo bayani waya, a motoci da yawa zata nuna maka zafin man giya, wasu manyan motocin Amurka ma a dashbod yake. Digiri 80 zuwa 95 lafiya, ya haura 105 rage gudu ka sauko giya, ya doshi 120 nemi wuri ka tsaya. In taka da ma'aunin Amurka take nunawa, 200 shine 93 namu, 250 kuma 121. Da wannan zaka gani da idonka, kunna obadiraif kaga lamba na hawa, kashe kaga tana saukowa, musu ya ƙare.

Canjin mai kuma bi jadawalin aiki mai wahala da ke littafin motar, wanda ya fi na kullum kusa, don jan kaya a zafin ƙasar nan shi ake nufi da shi. In ka sauke kaya zaka dawo da tirela wayam, kunna obadiraif ɗinka, babu dalilin ƙona mai.

In kuma wata rana kaga fitilar O/D OFF tana ƙyaftawa da kanta baka taɓa ta ba, a Ford da Toyota da yawa wannan kwamfuta ce ke cewa akwai matsala a giya. Haka in mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi hawa, ko ka taka totur inji ya yi ihu mota bata tafi ba. Tsaya, bari ta huce, duba ƙasa ko mai na ɗiga. In ya zama dole ka matsa, kwance tirelar ka bar yaron mota a wajenta ka lallaɓa da motar ita kaɗai, kuma in ka isa wajen mai gyara ka ce ya fara sa kwamfuta ya karanta lambar matsalar kafin kowa ya cire batir, don a wasu motocin cire batir yana goge ta.